Ƙafa ta Huɗu

"Noti nawa kika ce an tsinta?"

"Biyu, Yallaɓai. Ɗaya a bakin kwalta, ɗaya a cikin kwata. Sauran ukun sun kama gabansu."

Sufeto ya durƙusa gaban tayar da aka jingine da katangar bayan ofis, inda ake tara motocin da suka yi haɗari. Saje na tsaye a kansa da fayil a hammata. Shekararsu shida suna aiki tare. Mace ce mai kaifin ido da kaifin harshe, kuma tuni ya gane cewa duk gajeriyar maganarta da sauran bayani a bayanta.

Motar tana gefe, mai ruwan toka, rufinta ya lotse har ya kusa taɓa kujera. Jiya Talata da yamma, biyar saura kwata, ƙafarta ta gaba ta hagu ta fice a kan gadar da ta haye layin dogo. Motar ta daki ƙarfen gada ta wuntsila. Mai ita, wani malamin makarantar sakandare, shi kaɗai ne a ciki. Ko asibiti bai kai ba.

"'Yan sashen haɗurra ne suka turo mana," in ji Saje. "Sun ce ƙafar mota ba ta fita yawo don raɗin kanta. Wani ne ya sallame ta."

Sufeto ya zura yatsa a ramukan da noti ke zama. Sun buɗe, sun koma kamar ƙwai, girgiza ta cinye ƙarfen. A leɓen rim ɗin kuwa, wato ƙarfen da ake sa wa roba, ga 'yan dalma guda biyu sababbi fil, irin waɗanda ake maƙalawa idan an yi wa taya balansin don ta daina rawa a kan gudu.

"Jiya-jiyan nan aka cire ta aka mayar," ya ce. "Ba a kuma ɗaure ta ba."

"Amma an sa shaida an ce an ɗaure. Duba nan."

A gefen tayar akwai layuka biyar na farin alli, a cunkushe wuri ɗaya kamar yatsun hannu. Ta ja shi suka zagaya motar. Sauran ƙafafu ukun ma kowacce da nata layi biyar, sai dai su a warwatse suke, kowane layi yana saitin noti guda.

"Ga kuma katin aiki, a aljihun gaban mota na same shi. Garejin nan ne mai jar ƙofa, bayan gidan mai."

Gaban Sufeto ya yanke ya faɗi.

Jiya da ƙarfe huɗu da 'yan mintuna yana cikin wannan garejin, sanye da kaki, a lokacin aiki, ba da sanin kowa ba. Matarsa ce za ta sauka a jirgin ƙasan ƙarfe biyar bayan wata takwas tana kwas a wani gari. Sitiyarinsa yana rawa tun da ya faɗa wani rami, shi kuwa ya ƙudurta ba za ta shiga motar da ke kakkaɓe mutum ba. Ya shiga da hularsa a kai, ya ce a yi masa yanzu-yanzu. Aka kuwa yi masa, aka bar na wasu.

Ya sake duban motar da ta lotse. Motoci masu ruwan toka ai sun cika gari, ya ce wa zuciyarsa.

"Lafiya, Yallaɓai? Ka yi wani iri."

"Rana ce. Kira direba, mu tafi a motar ofis."

"Taka fa? Ga ta can tana hutawa a inuwa."

"Na ce motar ofis, Saje."

*

Garejin na warin baƙin mai da sabuwar roba. Tayoyi a jere har rufi, injin iska yana ta gurnani a lungu. Mai garejin ya taho da sauri yana goge hannu, ko da yake babu abin gogewa a hannun. Mutum ne ɗan shekara arba'in da ɗoriya, riga fes, baki kamar an shafa zuma.

"A'a, Yallaɓai! Yau ma..." Sai ya ga fuskar Sufeto, ya ga Saje da fayil, ya haɗiye sauran. "Sannunku da zuwa. Mun ji abin da ya faru. Wallahi tun safe na kasa sa komai a bakina."

"Wa ya yi aikin motar?" in ji Saje.

Ya sunkuyar da kai kamar wanda ake zare wa rai. "Baffana ne, ranki ya daɗe. Ƙanen mahaifina. Shi ya koya min sana'ar nan. Duk wata taya da ta fita daga nan, hannunsa ne."

Ya nuna wani dattijo da ke zaune a kan tsohuwar taya kusa da injin balansin, hannayensa a tsakanin gwiwoyi, guntun alli a maƙale a bayan kunne. Baba Mai Alli ake ce masa, har direbobin manyan motoci sun san sunan. Ya ɗago jajayen idanu, ya sauke su a kan Sufeto.

"Yallaɓai, ka dawo?"

Mai gareji ya yi wata 'yar dariyar tausayi. "Kin gani ko, ranki ya daɗe? Haka yake tun rasuwar matarsa bara. Duk wanda ya gani sai ya ce ya san shi. Jiya ma sai da ya nemi tabaransa awa guda, alhali yana kan hancinsa."

Saje ta dubi Sufeto. Kalma ɗaya ce ake buƙata daga bakinsa. Sai ya karɓi fayil a hannunta, ya ciro biro ya shiga dubawa. Dattijon ya jima yana kallonsa, sannan ya mayar da kai ƙasa, kamar ya yarda cewa idonsa ne ya yaudare shi.

"Baba," in ji Saje a hankali, "nuna min yadda kake aikinka. Ni ban san komai a mota ba sai kujerar baya."

Dattijon ya miƙe. Da hannunsa ya taɓa taya sai ka ce ba shi ne ke zaune a takure ɗazu ba. Ya fara tsince tsakuwar da ta maƙale a tsagin robar, ya ɓalle tsohuwar dalma, ya ɗora tayar a kan sandar injin ya kulle ta. Ya sauke murfin kariya.

"Ba a juya ta murfi a buɗe, 'yata. Ɗan dutse in ya fita da gudun nan, ido yake nema."

Tayar ta juya, ta yi ƙugi, ta tsaya. Allon injin ya nuna lambobi biyu. Ya maƙala dalma ciki da waje daidai inda aka nuna, ya sake juyawa. Sifili da sifili.

"Sai a mayar da ita jikin mota. Noti da hannu ake fara sa shi, don kada ya hau a karkace. A sauke jak. Sannan wannan."

Ya zare wata doguwar sifana daga cikin kubenta na fata, ya riƙe ta da hannu biyu kamar jariri.

"Sifanar awo. In noti ya kai ƙarfinsa sai ta ce ƙas. Ba a bin su a jere, tsallake ake yi, wannan sai na gabansa, kamar zanen tauraro. Duk notin da ya ce ƙas, in ja masa layi a saitinsa. Shekara arba'in ke nan."

"Irinta nawa kuke da ita a nan?"

"Ita kaɗai ce. Ba mai taɓa min ita."

Saje ta nuna masa hoton ƙafar da ta fice. "To me ya sa waɗannan layukan suka taru wuri ɗaya?"

"Gajiya ce," mai gareji ya yi caraf. "Yamma ta yi, tsoho ya gaji."

Baba Mai Alli ya kafa wa hoton ido har hawaye suka cika masa. "Ban tuna na ja su ba. Ban ma tuna na ɗaure ta ba. Na juyo na ga motar ba ta nan, na tambaya, ɗana mai garejin nan ya ce ai na gama tun ɗazu, ga alli nan ya gani." Ya miƙa hannayensa biyu a haɗe. "Malamin nan shekara tara yana kawo min motarsa. Ni na kashe shi, 'yata. Ku tafi da ni."

Doka ba ta bar musu zaɓi ba. Kofur ɗin da ya rako su ya shigar da shi bayan mota, ba tare da ankwa ba, don Saje ta harare shi da ya ciro ta.

Mai gareji ya raka Sufeto har bakin jar ƙofar, ya rage murya.

"Ya sitiyarin, Yallaɓai? Ya daina rawa?" Ya yi murmushi. "Ni dai jiya ban ga kowa ba. Tsoho ne, alƙali zai tausaya masa. Kowa ya zauna lafiya a kujerarsa."

Sufeto bai tanka ba. Rashin tankawar ya bi shi har ofis.

*

Da la'asar motar ofis ta fita wani aikin, dole suka tafi gidan mamacin a motar Sufeto.

Hawa na biyu ne a wani dogon gini. Takalma a zube a bakin ƙofa, falo cike da mata masu magana ƙasa-ƙasa. Yayar matar ta kai su wani ƙaramin ɗaki inda littattafai suka cika kanta, ga tarin takardun jarrabawa a kan tebur, rabi an duba da jan biro, rabi suna jiran hannun da ba zai dawo ba.

Matar tana zaune a bakin gado, da tsohon ciki, ta rungume rigar mijinta.

"Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri," in ji Saje.

"Amin." Muryarta ta dushe. "Ni na tura shi, kun sani? Ni ce. Na ce masa motar nan in tana rawa sai in ji ɗan cikina yana juyi. Kullum mita, kullum mita. Ya ce bari a yi hutu, na ce ban yarda ba. Da na yi shiru da yanzu yana nan yana duba takardunsa."

Sufeto ya ɗaga kai don ya guje wa idonta, sai ya yi karo da hoton da ke jikin bango. Siririn mutum mai tabarau, da 'yar wushirya, yana dariya.



Ya san fuskar. Jiya mai ita yana kan bencin gareji, da littafi a buɗe a cinya. Da mai gareji ya ɗaga murya ya ce, "Baffa, bar wannan ka zo ka sallami Yallaɓai," dattijon ya yi turus, mai tabarau ɗin nan ne ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Baba, je ka. Masu tsaronmu ai sun fi mu uzuri." Shi kuwa ko na gode bai ce ba. Agogo yake kallo.

"Ya kira ki daga can?" Saje ce ke tambaya.

"Saƙon murya ya turo. Biyu. Tun jiya nake jin su."

Ta danna wayar. Murya mai taushi ta cika ɗakin, ga gurnanin injin iska a bayanta.

"Gimbiya, zan ɗan makara. Saura ƙafa ɗaya tal, sai ga wani ɗan sanda yana sauri, an janye Baba. Da gani dai wajen wata zai je, sai ƙamshi yake yi yana duba agogo. Na ce a bar shi, na san ciwon. Ki ajiye min abincina."

Matar ta yi dariya cikin kuka. Saje ta leƙa fuskar wayar. "Huɗu da minti goma. Na biyun fa?"

"An gama, Gimbiya. Ga ni nan tafe. Yau sai kin yi barci a cikin motar nan don santsi."

"Huɗu da ashirin da biyu," in ji Saje, tana rubutawa.

"Ba na riƙe da kowa," matar ta ce. "Amma ɗan sandan nan, ina so in san ko ya isa inda za shi a kan lokaci. Haka kawai. Ina so in ji cewa saurin ya yi amfani."

Ya isa. Ya ma riga jirgin da minti bakwai. Ya tsaya a bakin dandamali da kwalbar turare a cikin kwali, zuciyarsa na tsalle kamar ta saurayi, a daidai lokacin da ake ciro mijin matar nan daga ƙarƙashin ƙarfe.

"Za mu bincika," ya ce, muryar kamar ba tasa ba.

*

A bakin titi Saje ba ta buɗe ƙofar mota ba. Ta tsaya gaban ƙafar gaba, ta harɗe hannu.

"Yallaɓai, motarka ma makaranta take zuwa?"

"Me kike nufi?"

"Na ga alli a jikinta."

Ya duba. Layi biyar a kowace ƙafar gaba, kowanne a saitin notinsa, fari tas. Tun jiya yake yawo da su a gari.

Ya jingina da motar, ya cire hula. Iska ta taɓa gumin da ke kansa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da ka ƙi shiga motarka da safe na fara zargi. Kai da ko bayan gida za ka sai ka tuƙa ta. Da tsohon nan ya ce ka dawo, ka kama karanta fayil a juye, na tabbatar. Na yi shiru ne in ga iya inda za ka kai."

"Na kai inda ban taɓa zaton zan kai ba, Saje. Na tsaya ana mayar da dattijo mahaukaci a gabana."

"Ka tsaya kam."

Ba ta sassauta masa ba, kuma ya ji daɗin hakan. Ya ba ta labarin duka, kwas ɗin matarsa, jirgin ƙarfe biyar, hular da ya gyara wa zama kafin ya shiga don a gan ta da kyau.

"Ƙarfe nawa ka fita?"

"Biyar saura ashirin."

"Malamin ya fita huɗu da ashirin da biyu. Baba ya bar motarka ya koma tasa a tsakani?"

"Ko taku ɗaya. Yana tsakanin motata da injin, ya ba wa ƙofa baya."

"To sifanar fa? Wani zai iya ɗauka ya je ya ɗaure."

Sufeto ya buɗe baki, sai ya tsaya. Ya dubi hannunsa na dama, ya juya tafin sama kamar yau ya fara ganinsa. Wani abu da ya binne tun jiya ya taso masa gaba ɗaya, har sai da ya dafa motar.

"Babu wanda ya ɗauka," ya ce. "Na san inda take."

Ya gaya mata. Can ta nisa.

"Ka san in ka faɗi wannan a rubuce, akwai barin aiki ba izini, akwai amfani da kaki, akwai ɓoye shaida na yini guda. Ƙarin girman da kake jira ya tafi. Wataƙila har da abin da ya fi shi."

"In ban faɗa ba fa?"

"Tsoho ya ƙarasa kwanansa a gidan yari yana zaton ya kashe mutum."

Ya mayar da hularsa. "Gobe da safe ki fito min da shi. Ki taho da Kofur."

*

Ranar Alhamis da hantsi Sufeto ya shigo garejin da motarsa, ya tsayar da ita a tsakiyar fili inda kowa zai gani. Motar ofis ta biyo baya da Saje da Kofur da Baba Mai Alli, wanda kwana ɗaya ya ƙara masa shekara goma.

Mai gareji ya fito da murmushinsa. Da ya ga motar, murmushin ya ɗan karkace.

"'Yan tambayoyi ne kaɗan," in ji Sufeto. "Wa ya ɗaure ƙafa ta huɗu?"

"Ai na faɗa, Yallaɓai. Baffa."

"Da me?"

"Da sifanarsa mana. Ko kuma ya manta bai ɗaure ba, ya ja alli kawai. Allah kaɗai ya sani."

"Yaushe?"

"Kafin... wato tun kafin malamin ya tafi."

Saje ta danna wayarta. Muryar mamacin ta fito a tsakiyar tayoyin: saura ƙafa ɗaya tal, an janye Baba. Dattijon ya rufe fuska da hannu.

"Huɗu da minti goma, saura ƙafa ɗaya," in ji Sufeto. "Huɗu da ashirin da biyu, ya fita. A cikin minti goma sha biyun nan ina Baba yake?"

"Yana ta kai da kawo. Ka san aiki."

"Sifanar fa?"

"Tana hannunsa, ina za ta?"

"A'a. Tana hannuna."

Injin iska ya zaɓi wannan lokacin ya mutu.

Sufeto ya juya wajen dattijon. "Baba, idonka bai yaudare ka ba. Ni ne na zo shekaranjiya. Ka gane ni jiya, na yi kamar ban ji ba. Ka tuna abin da ka ce min da za ka cire ƙafar motata?"

Dattijon ya sauke hannu a hankali. Leɓɓansa suka motsa. "Na ce... riƙe min wannan, Yallaɓai, kada ta taɓa ƙasa, awonta zai lalace."

"Na riƙe ta. Waya a kunnen hagu ina magana da matata, sifana a hannun dama. Ina nan tsaye a bakin ƙofar can motar malamin ta zo wucewa. Ya ɗago min hannu. Na ɗaga masa sifanar. Da ita na yi masa sallama. Ban mayar maka da ita ba sai da ka zo ɗaure tawa."

Ya nuna ƙafar motarsa. "Ga allin Baba, kowane layi a gaban notinsa, a ƙarshen yini, bayan ya gaji. Wanda ya ja na ƙafa ta huɗu bai ji ƙas ko ɗaya ba. Ƙirga biyar kawai ya yi."

Mai gareji ya matso, zumar ta ƙare a bakinsa. "Yallaɓai, ka san abin da kake yi wa kanka kuwa?"

"Na sani. Saura kai."

Amma ba Sufeto ne ya karya shi ba. Baba Mai Alli ne ya tako, yana jan ƙafa, ya tsaya gaban ɗan wansa.

"Kai ka ce min na gama. Na tambaye ka sau biyu. Na ce anya, ɗana? Ka ce Baffa, tsufa ne." Ya taɓa ƙirjinsa. "Ni na ɗora hannunka a kan sifana kana ɗan shekara tara. Jiya na kwana ina roƙon Allah ya ɗauki raina. Dube ni ka sake cewa ni ne."

Mai gareji ya dube shi. Bai iya daƙiƙa uku ba. Ya zauna daɓas a kan tayar da baffansa ke zama.

"Motoci uku ne a waje suna ta hon," ya ce, kansa a ƙasa. "Malamin bai yi ƙorafi ba, amma na ga yana satar kallon agogo, kunya ta kama ni. Na duba na ga noti biyar a jiki. Na sauke jak, na ce bari in ɗauko ko sifanar hannu ce in ɗaure. Sai wani ya kira ni a kan batun taya, na je na dawo, abin ya fita a kaina. Wallahi ya fita. Na miƙa masa makulli."

"Allin fa?" in ji Saje.

Ya fashe da kuka, irin kukan manya mai muni.

"Ya zagaya motar. Ya san aikin Baffa. Ya ce, maigida, wannan ƙafar babu allin Baba. Ya tsaya, bai shiga ba. Ya tambaya! Da na ce masa jira minti goma... Na ce au, mantuwa ce. Na tsinci guntun alli a ƙasa na ja masa biyar. Ya ce yauwa, yanzu hankalina ya kwanta."

Kofur ya ciro ankwa, wannan karon Saje ba ta harare shi ba. Da za a shigar da mai gareji mota ya juyo ya ce, "Baffa, ka yafe min." Dattijon ya ɗaga hannu kamar zai amsa, sai hannun ya sauka da kansa. Aka rufe ƙofa, motar ta fita ta jar ƙofar.

Baba Mai Alli ya daɗe yana kallon inda ta bi.

"Ke nan hankalina yana nan, Yallaɓai?"

"Yana nan daram, Baba."

"To alhamdu lillahi." Ya share ido da bayan hannu. "Amma kada ka wanke ni tas. Shekara arba'in ban taɓa barin ƙafa a kan notin hannu na tafi wani aikin ba. Ko gobara ake yi sai ta ce ƙas. Shekaranjiya na bari." Ya dubi hular Sufeto, ba da fushi ba, da wata irin gajiya. "Kakinka na gani."

Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Sufeto ya ji maganar ta shige shi har ƙashi. Ya tuna matarsa jiya da safe tana shafa sitiyari tana cewa motar ta koma sabuwa. Ya tuna wata matar a hawa na biyu, da riga a ƙirji, tana so ta ji ko saurin ya yi amfani.

Saje ta rufe fayil. "Shi ke nan, Yallaɓai. Mai laifi ya amsa da bakinsa a gaban mutum uku. Rahoton zai iya tsayawa a haka, ko babu batun waye ya riƙe sifana." Ta dube shi ido cikin ido. "Ina faɗa maka ne don ka san ƙofar a buɗe take."

Ya cire hular, ya ajiye ta a kan bencin da malamin ya zauna.

"Rufe ta. Buɗe sabon shafi, ki zauna nan ki ɗauki bayanina kamar na kowa, daga ƙarfe huɗu na ranar Talata har shirun da na yi jiya. Fayil ɗin nan ya bar hannuna, ni zan kai wa shugaba da kaina, daga yau ni shaida ne. In mun gama kuma ki raka ni hawa na biyun nan. Matar ta yi tambaya, zan je in gaya mata ni ne ɗan sandan."